Masu kifin ado, don Allah ku daina wanke tankin nan tas

Wallahi na gaji da jin "na sayo kifi ko sati ba su yi ba duk sun mutu, mai shago ya cuce ni". Ba mai shago ba ne ɗan'uwa, sau da yawa tsaftarka ce ta kashe su.

Ni ma haka na yi da farko. Goldfish shida gare ni a falo, wata Asabar na ga ruwan ya ɗan yi duhu sai na kwashe su a roba, na zubar da ruwan kaf, na wanke gilashi da tsakuwa da soson filta da omo har suna ƙyalli, na cika da ruwan famfo na mayar da su. Kafin magariba sun taru a sama suna ta buɗe baki, da asuba huɗu sun juya ciki sama, kuma ƙaramar 'yata ce ta fara gani, kukanta har yau yana raina.

Ashe yauƙin nan na jikin soso ba datti ba ne, bakteriya ne masu amfani da ke cinye amoniya, wata guba da ke fita daga kashin kifi, kuma sai sun yi sati 4 zuwa 6 suke kafuwa a sabon tanki. Kulorin, maganin da ake sa wa ruwan famfo, yana kashe bakteriyan, ya kuma ƙona wa kifin inda yake numfashi. Yanzu duk Juma'a kashi ɗaya cikin huɗu kawai nake canjawa, da ruwan da ya kwana a bokiti na ɗiga masa maganin kulorin, soson kuma cikin tsohon ruwan tankin nake matse shi. Sabulu kam ko kusa.

Sai abinci. Haba jama'a, kifi kullum kamar mayunwaci yake, kai ka zuba, yara su zuba, baƙo ma ya zuba, har da masu jefa burodi! Ragowar ce ke ruɓewa ta ɓata ruwa. Ni sau ɗaya nake ba su, abin da za su cinye a minti 2, robar abincin kuma tana saman firij.

Kar ka haɗa kifin nan mai faɗa da ake kira betta maza biyu a tanki ɗaya, sai ɗaya ya illata ɗaya. Kar ka ajiye tanki inda rana ke bugawa, gansakuka za ta rufe shi. Sabon kifi ka bar ledarsa a kan ruwan minti 15 kafin ka sake shi. Ka nemi famfon iska mai batir saboda ɗauke wuta, in hunturu ya shigo kuma ƙananan kifaye irin su guppy suna son hitar ɗumama ruwa, ruwan ya tsaya wajen digiri 25.