Yadda Za Ka Gina Sana'ar Gabatar da Shirye-shirye a Rediyo da Talabijin Daga Nan Zariya

Duk lokacin da ɗalibai suka zo sanin makamar aiki a gidan rediyon da nake yi wa hidima, tambayar da suke fara yi ita ce yaushe za a ba su makirfo, kuma kusan kowannensu yana tafe da yaƙinin cewa Allah ya hore masa murya. Murya baiwa ce, ban musa ba, amma na ga masu zaƙin murya da yawa sun zo sun wuce ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, waɗanda suka daɗe a fagen kuwa su ne waɗanda mai sauraro ya amince da maganarsu. Shawarwarina duka a kan yadda ake samun wannan amincewa suke, kuma zan kafa hujja da wani mutumin ƙasar Yukren wanda tarihin aikinsa ya daɗe yana burge ni.

Sunansa Serhiy Prytula. An haife shi a 1981 a wani ƙaramin gari mai suna Zbarazh a yammacin ƙasar, ya kuma fara aiki a gidan rediyon birnin Ternopil bai kai shekara 20 ba. Daga can ya koma Kiyef, babban birnin ƙasar, inda ya yi shekaru yana gabatar da shirin safe da shirye-shiryen barkwanci a tashar Novyi Kanal. Bayan da Rasha ta ƙaddamar da mamayarta a ranar 24 ga Fabrairun 2022, mutumin da aka sani da ba da dariya ya fito a watan Yuni ya roƙi jama'a su haɗa kuɗin sayo wa sojoji jirage marasa matuƙa ƙirar Bayraktar, cikin kwana 3 kuwa aka tara hiribniya miliyan 600, wato kuɗin ƙasar. Kamfanin Turkiyya mai ƙera jiragen ya ba da guda 3 kyauta, sai aka yi amfani da kuɗin wajen samun tauraron ɗan'adam daga kamfanin ICEYE na ƙasar Finlan. Talakan da ya cire daga abin da zai ci ya tura masa ya yi hakan ne domin ya shafe shekaru yana ganinsa a allo, ya kuma yarda cewa amanarsa ba za ta salwanta ba.

Abin koyi na farko a tarihinsa shi ne ka fara daga inda kake, kada ka zauna jiran Abuja ko Landan. Jami'ar Ahmadu Bello tana da tasharta, ABU FM, a Samaru, akwai Queen FM a cikin gari, sannan Kaduna da ke da Rediyon Tarayya da Nagarta da sauransu tafiya ce ta kusa. Ka je da kanka ka nemi a bar ka ka taimaka, ko da ba za a biya ka ba a farko, kuma ka karɓi duk aikin da aka ba ka: kai baƙo ɗakin watsa shirye-shirye, tattara saƙonnin gaishe-gaishe, jin ra'ayin jama'a a kasuwar Sabon Gari ko tashar Kwangila. A irin wannan hidima ne za ka ga yadda furodusa ke tsara minti 30, da yadda injiniya ke daidaita sauti. Idan kana da halin karatu, sashen koyar da aikin jarida na jami'ar yana nan kusa da kai, haka kuma Kwalejin Talabijin ta NTA da ke Jos tana da alaƙa da jami'ar. Takardar shaida tana buɗe ƙofa, sai dai wanda ya karanci aikin gona ko shari'a ko kiwon lafiya ma yana da abin da gidan rediyo ke nema ido rufe, wato sanin wani fanni ciki da waje.

Harshe shi ne jarinka, kuma a nan zan fi daɗewa, domin nan ne mu Zazzagawa muke da aiki na musamman. A gida da kasuwa mun saba cewa "mota ne" ko "rigan nan", wannan kuwa karin harshenmu ne, ba abin kunya ba ne. To amma idan ka zauna karanta labarai, mai sauraronka na iya kasancewa a Funtuwa ko Kano ko Maraɗi, kuma daidaitacciyar Hausa ce ke haɗa ku, saboda haka dole bakinka ya saba da "mota ce" da "rigar nan" har ya zama ba sai ka yi tunani ba. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya a takarda, haka ma "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Wanda bai karanta jimla a zuci kafin ya furta ta ba, sai ya kai tsakiya zai gane ya kauce. Ka riƙa bin takardarka da biro kafin ka shiga, kana sa alama a irin waɗannan kalmomi da wuraren da za ka numfasa, kana kuma mayar wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu idan mai buga rubutun ya bar su, domin tsakanin "baki" da "baƙi" akwai tazara mai nisa. A garin nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, don haka a ganina ɗan Zariya ne ya fi kowa cancantar ya kula da Hausarsa. Mutanen Yukren sun ɗauki batun harshe da zafi har suka kafa doka a 2017 cewa kashi 75 cikin 100 na shirye-shiryen manyan tashoshin talabijin su kasance da harshen ƙasar, abin da ya sa masu gabatarwar da suka saba aiki da Rashanci suka koma suna goge harshen Yukren.

Hanyar gogewar ba ta buƙatar kuɗi. Kullum da safe ka ɗauki labari ɗaya na Turanci, ka fahimce shi, ka kife takardar, sannan ka faɗe shi da Hausa kamar kana ba kakarka labari, kana naɗa a wayarka. Da yamma ka saurari abin da ka naɗa, ka rubuta inda ka yi gaggawa da inda ka haɗiye ƙarshen kalma da inda Turanci ya leƙo ta ƙarƙashin jimlarka. Ka kwatanta da yadda ƙwararru suke yi a Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, ko Muryar Jamus, amma kada ka ari muryar kowa. Ka auna layi nawa kake karantawa a minti ɗaya, domin ranar da furodusa zai ɗaga maka yatsa ta bayan gilashi cewa saura daƙiƙa 30, sai ka san abin da za ka zubar.

Duk wannan bai kai tantance magana muhimmanci ba. A shekarata ta biyu an miƙo mini wata takarda ana saura minti 5 in shiga, sanarwar rasuwar wani dattijo ce a wata unguwa ta cikin birni, na kuwa karanta har da lokacin jana'iza. Kafin in cire na'urar kunne waya ta fara ƙara, ashe mutumin yana asibiti da ransa, wani ne mai irin sunansa ya rasu. Wani tsohon ma'aikaci ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, wa ya kawo takardar, kuma wa ka kira?" Ban da amsa. Ya ce, "Gobe za mu je gidan tare mu ba da haƙuri, daga yau kuma ba ka karanta rasuwa sai ka ji daga bakin ɗan gidan." Mun je, na ga tabarmin da maƙwabta suka riga suka shimfiɗa a ƙofar gida, na ga idon babbar 'yarsa. Tun daga ranar, duk labarin da ya shafi rai ko mutunci ko dukiyar wani, sai na ji shi daga majiya biyu da ba su da alaƙa da juna, abin da ya zo ta WhatsApp kuwa ba na lissafa shi a majiya.

Shirin da ake buga waya kai tsaye shi ne jarrabawa mafi tsanani. Jiharmu ta ga abin da magana ke iya haddasawa, kuma Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1992, tashar take kamawa da laifin abin da mai kira ya faɗa. Ka nemi kundin ƙa'idojinta ka karanta, ka kuma shirya da injiniya a kan alamar da za ka yi masa ya katse layi da zarar mai kira ya fara zagin addini ko ƙabila ko ɗora wa wani laifi ba hujja, sannan ka gaya wa masu sauraro dalilin katsewar cikin ladabi. Natsuwar da ake buƙata a irin wannan lokaci shiri ne ke kawo ta. A watan Mayun 2022, wani mai gabatar da shirye-shirye ɗan Yukren, Timur Miroshnychenko, ya yi wa 'yan ƙasarsa sharhin gasar waƙa ta Turai mai suna Eurovision daga wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake fakewa daga bama-bamai, ya kuma iya hakan ne saboda ya shafe shekaru yana wannan sharhi har ya zame masa jiki.

Idan ka ƙware a rediyo, komawa talabijin ba ta da wuya sosai: ka koyi kallon kyamara kamar idon mutum ɗaya, ka rage motsin hannu, ka guji tufafi masu ƙananan zane domin suna rawa a allo. Batun kuɗi kuwa gara ka sani tun yanzu, albashin farko ba ya riƙe gida, shi ya sa da yawa suke sayen fili a tasha su nemo masu ɗaukar nauyi. Idan za ka bi wannan hanya, ka bambance talla da labari a fili, musamman tallar maganin gargajiya da ta 'yan siyasa. Kafin ka je neman aiki kuma, ka naɗi samfurin muryarka da bai wuce minti 3 ba, a ɗaki mai labule da katifa don kada sauti ya yi amsa-kuwwa, ka sa labarai na minti ɗaya, da 'yar hira da wani mai sana'a, da buɗe shiri irin wanda kake burin gabatarwa. Ka rubuta sunanka da lambarka a jikin fayil ɗin, ka kai wa shugaban sashen shirye-shirye hannu da hannu, idan mako biyu suka wuce ba ka ji komai ba ka koma ka tambaya.