Darasi na Bakwai: Shirya Hutun Iyali da Yara a Tsibiran Orkney

Orkney gungun tsibirai ne kimanin 70 a can arewacin Scotland, kuma kimanin 20 daga cikinsu ne kawai ke da mazauna. Yawan mutanen wurin gaba ɗaya bai wuce 22,000 da ɗan wani abu ba, akasarinsu suna zaune ne a babban tsibirin da ake kira Mainland, inda garuruwan Kirkwall da Stromness suke. An rubuta wannan darasi ne domin iyalan da karatu ko aiki ya kai su Birtaniya, da kuma waɗanda ke zuwa ziyarar 'yan'uwa da bizar baƙunci, domin Orkney yanki ne na Birtaniya, ba ya buƙatar wata biza ta daban. An bar sunayen wurare yadda suke a tikiti da allunan hanya, domin mai karatu ya gane su idan ya gan su.

Duk wanda zai kai yara irin wannan wuri ya san cewa teku da iska da tsawon yini su ne za su tsara masa lokacinsa. Maigidan da ya rubuta jadawali ya cika kowace rana da wuraren ziyara, yana zaton komai zai tafi kamar jirgin ƙasa tsakanin Landan da Manchester, zai dawo da yara a gajiye da aljihu a bushe.

Lokacin tafiya

Watannin Mayu zuwa Agusta su ne suka dace da tafiya da yara. Makarantun Scotland suna tashi hutu a ƙarshen Yuni su koma a tsakiyar Agusta, na Ingila kuwa suna tashi a ƙarshen Yuli su koma a farkon Satumba, saboda haka makonni ukun da hutun biyu suka haɗu su ne aka fi rububin masauki da gurbin mota a jirgi. Kada wannan ya sa iyaye su ɗauke yaro daga makaranta kafin hutu domin neman rahusa, domin a Ingila, tun daga watan Agusta na 2024, yaron da ya yi fashin kwana biyar ba tare da izini ba yana iya jawo tarar fam 80 a kan kowane mahaifi, uba daban uwa daban, kuma tarar tana komawa fam 160 idan ba a biya cikin kwana 21 ba. A watan Disamba yini bai wuce kimanin sa'a shida ba, rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe uku, ga guguwa, don haka a bar wannan lokaci ga manya marasa ɗawainiya.

Hanyar zuwa

Tikitin jirgi shi ne abin da ake fara saye, kafin a kama masauki. Dalili kuwa shi ne gurbin motoci a jirgin fito ƙayyadadde ne, yana cika tun da sauran makonni, kuma gidan hayan da aka biya kuɗinsa ba ya jiran wanda ya maƙale a bakin teku.

Jiragen fito uku ne ke ɗaukar mutane da motoci. Na kamfanin NorthLink yana tashi daga Scrabster, kusa da garin Thurso, ya isa Stromness cikin sa'a ɗaya da rabi, kuma a kan hanya yara za su ga wani dogon dutse mai tsayin mita 137 yana tsaye shi kaɗai a gefen teku, wanda ake kira Old Man of Hoy. Na kamfanin Pentland Ferries yana tashi daga Gills Bay ya sauka a St Margaret's Hope cikin kimanin sa'a ɗaya. Na uku, shi ma na NorthLink, yana tashi daga Aberdeen a wasu ranakun mako, yana ɗaukar kimanin sa'a shida, ya isa Kirkwall cikin dare kafin ya wuce Shetland. Wanda ke zaune a Aberdeen zai ga na ukun ya fi masa sauƙi, amma sa'a shida a kan ruwa tare da yaron da bai taɓa hawa jirgi ba ba ƙaramin aiki ba ne. A ganina, mai ƙananan yara gara ya jure wa tuƙin kimanin sa'a biyu da rabi daga Inverness zuwa bakin gaɓa, ya kwana a can, sannan ya ƙetare ta gajeriyar hanya da safe. Akwai kuma jiragen sama na Loganair daga Aberdeen da Edinburgh da Glasgow da Inverness zuwa Kirkwall, sai dai kuɗin kujerun mutum biyar ko shida ya kan zarce na jirgin ruwa nesa, kuma sai an yi hayar mota bayan an sauka.

Mashigin da ya raba Orkney da sauran Scotland, wato Pentland Firth, yana cikin wuraren da ruwa ya fi gudu da ƙarfi a duk tekun Birtaniya. Idan iska ta tashi, jirgi yana tangaɗi sosai, wani lokaci ma a soke tashinsa gaba ɗaya. Saboda haka a je kantin magani kafin tafiya a nemi maganin jiri da amai wanda ya dace da shekarun kowane yaro, a tambayi mai kantin adadin da za a ba shi da lokacin sha, domin yawancin irin waɗannan magunguna ana shan su ne kafin a hau jirgi. Kada a cika wa yaro ciki da abinci mai maiƙo, a zaunar da shi a tsakiyar jirgi inda girgiza ba ta da yawa, a sa shi ya riƙa duban nesa maimakon allon waya. Abu mafi muhimmanci shi ne a bar kwana ɗaya fanko tsakanin ranar dawowa da ranar komawa aiki ko makaranta, ko ranar hawa jirgin sama zuwa gida ga waɗanda suka zo baƙunci.

Wanda ya zo da mota ya tuna cewa doka ta wajabta kujerar yara ta mota ga duk yaron da bai kai shekara 12 ba, sai dai in tsayinsa ya kai santimita 135. Wasu hanyoyin ƙauye ba sa ɗaukar mota biyu a jere, an dai yi musu ɗan fili nan da can inda ɗaya za ta rakuɓe ɗaya ta wuce, kuma ba a ajiye mota a wannan fili don ɗaukar hoto.

Masauki, abinci da sutura

Gidan haya mai kicin ya fi otal amfani ga iyali, musamman iyalin Musulmi. Akwai manyan kantuna a Kirkwall, irin su Tesco da Lidl, inda za a sami shinkafa da taliya da ƙwai da madara da kayan miya, kifi kuwa nan ne gidansa. Mai son naman halal ya saya a babban birni kafin ya taso, ya daskarar da shi, ya zuba a kula mai ƙanƙara. Uwargida kada ta manta da yaji da daddawa da garin kuka, domin yaron da ya wuni cikin iska ba abin da ke kwantar masa da hankali kamar abincin da ya saba da shi.

Abin da mutanen Orkney ke kira lokacin zafi bai cika wuce digiri 15 ko 16 a ma'aunin Selsiyus ba, wato kamar safiyar hunturu a Jos, sai dai wannan da danshi da iska mara tsayawa, domin tsibiran kusan babu itatuwan da za su tare ta. Laima ba ta da amfani, iska za ta karya ta. Kowane yaro a tanadar masa rigar ruwa mai hula, da suwaita, da takalmin roba, da safa fiye da yadda ake zato za a buƙata. Sutura marasa nauyi da ake ɗora wata kan wata sun fi babbar riga guda, domin a yini ɗaya ana iya ganin rana da yayyafi da hazo. Mata masu sa hijabi ko dogon mayafi su ɗaure shi da kyau, ko su sa ƙarami a cikin rigar ruwa, musamman a saman jirgi da bakin gaɓa.

Tsawon yini da lokutan salla

Wannan shi ne abin da ya fi ba baƙo mamaki. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa wajen ƙarfe huɗu na asuba, ba ta faɗuwa sai wajen goma da rabi na dare, kuma ko bayan ta faɗi sararin sama ba ya yin duhu sosai. Yaro ba zai yarda dare ya yi ba alhali yana ganin haske ta taga, don haka a tambayi mai gidan haya ko ɗakunan kwana suna da labule mai kauri, in babu a zo da baƙin ƙyalle, sannan a bi agogo wajen kwanciya da cin abinci.

Game da salla, a irin waɗannan makonni shafaƙi ba ya ɓacewa yadda aka saba, don haka alamar shigar lisha da ta fitowar alfijir suna cakuɗewa. Malamai sun yi maganganu daban-daban a kan wannan: wasu sun ce a ƙaddara da rana mafi kusa da alamomin suka bayyana, wasu da gari mafi kusa, wasu sun kasa dare kashi-kashi, wasu kuma sun halatta haɗa magariba da lisha saboda wahala. Manhajojin waya ma suna ba da lokuta mabambanta gwargwadon lissafin da aka zaɓa musu. Abin da ya dace shi ne maigida ya zauna da limamin masallacinsa kafin tafiya, ya rubuta lokutan a takarda, gida duka su tsaya a kan abu ɗaya. Ya kuma tambayi hukuncin kasaru, domin a mazhabar Malikiyya matafiyin da ya yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya yana cika sallarsa. Alƙibla daga Orkney tana kudu maso gabas.

Wuraren da za a kai yara

Wuri ɗaya babba da safe, bakin teku ko hutawa da yamma, ya ishi yaro ɗan ƙasa da shekara goma. Wanda ya fi cancanta a fara da shi shi ne Skara Brae, ƙauyen da mutane suka zauna a cikinsa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, tun kafin a gina manyan dalar Masar na Giza. Yashi ya binne shi har sai da wata guguwa ta tone shi a 1850. Da yake itace ya yi ƙaranci, da dutse mutanen suka yi gadajensu da kantar ajiye kayansu da murhunsu, kuma duk suna nan ana kallonsu daga sama. An gina kwaikwayon ɗaya daga cikin gidajen a kusa, wanda yara ke iya shiga su zagaya. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 1999, tare da da'irar duwatsu ta Ring of Brodgar, da duwatsun Stenness, da kushewar Maeshowe. A sayi tikitin Skara Brae ta intanet tun da wuri, domin a ranakun da manyan jiragen 'yan yawon buɗe ido suka tsaya a Kirkwall wurin yana cika maƙil. Brodgar fili ne, shiga kyauta, yara su yi gudu son ransu. Maeshowe kuwa sai da ɗan jagora da tikitin da aka kama tun farko, kuma ana shiga ne a duƙe ta wani siririn lungu mai kimanin mita 10, saboda haka mai goyo ko tsoho mai ciwon baya ya yi tunani.

Yaran da suka fara karatun tarihi za su amfana da Scapa Flow, wani faffaɗan ruwan teku da tsibiran suka kewaye, inda sojojin ruwan Jamus suka nutsar da jiragensu da hannunsu a ranar 21 ga Yuni, 1919, inda kuma jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin yaƙin Birtaniya mai suna Royal Oak a watan Oktoba na 1939, mutum fiye da 800 suka mutu. Bayan wannan ne aka gina shingayen Churchill tsakanin wasu tsibiran domin toshe hanyoyin shiga Scapa Flow, waɗanda a yau hanyar mota ta bi ta kansu, kuma fursunonin yaƙi 'yan Italiya da suka yi aikin sun bar ɗan ƙaramin cocin da suka ƙawata da hannunsu a tsibirin Lamb Holm. Ana rufe hanyar shingayen idan igiyar ruwa ta yi ƙarfi, kuma ita ce hanyar zuwa jirgin St Margaret's Hope, don haka a duba sanarwa kafin a fita. Ranar da ruwan sama ya hana fita, akwai gidan tarihi na Orkney a Kirkwall, shiga kyauta, da wurin iyo a cibiyar Pickaquoy.

Wurin da ke buƙatar lissafi shi ne Brough of Birsay, ɗan tsibirin da ake takawa da ƙafa idan teku ta janye. Hanyar tana buɗe ne kimanin sa'a biyu kafin ruwa ya kai ƙarshen janyewarsa da sa'a biyu bayansa, daga nan teku ta rufe ta, kuma lokacin yana sauyawa kullum. A can ake ganin tsuntsun puffin mai baki kala-kala daga Mayu zuwa Yuli, amma gefen tsibirin gangare ne mai zurfi ba shinge, sai a riƙe hannun yaro gam. Idan wani ya maƙale ko ya faɗa ruwa, a kira 999 a nemi masu tsaron gaɓar teku. Rashin lafiyar da ba ta gaggawa ba kuwa a kira 111, kuma asibitin tsibiran, Balfour, yana Kirkwall.

Aikin yi

Ku ɗauka jadawalin teku ya nuna ruwa zai kai ƙarshen janyewa da ƙarfe ɗaya da rabi na rana. Kowa ya rubuta a littafinsa lokacin da hanyar Birsay za ta buɗe da lokacin da za ta rufe, sannan ya rage rabin sa'a domin tafiyar ƙaramin yaro, ya faɗi ƙarfe nawa iyali za su juyo. Bayan haka ku zauna biyu-biyu ku tsara hutun kwana biyar ga iyali mai yara uku, ɗan shekara tara da 'yar shekara shida da na goye, ku nuna jirgin da kuka zaɓa da dalilinku, da ranar da kuka bari fanko.