Yadda Za A Sa Yara Su So Kayan Lambu A Abincin Dare

Yaron da yake tsince ganye daga cikin miya ba taurin kai kaɗai yake yi ba, domin harshen yara ya fi na manya jin ɗaci, shi ya sa dabara ta fi tsawa amfani.

A fara da kayan lambu masu ɗan zaƙi, kuma a ganina babu kamar miyar taushe. A dafa kabewa har ta yi laushi, a dama ta da niƙaƙƙiyar gyaɗa, sannan a zuba alayyahun da aka yanka ƙanana ana dab da saukewa, don kada ya dahu ya yi baƙi. Kabewa da karas suna ba jiki sinadarin bitamin A mai kare lafiyar ido, kuma jiki ya fi amfana da shi idan akwai maiƙo a abincin, wanda gyaɗar ta riga ta tanadar. A rage attaruhu, domin sau da yawa yaji ne yake korar yaro, ba ganyen ba.

Zogale kuwa yana da ɗan bauri, saboda haka a tafasa shi, a tsane ruwan, a haɗa shi da dambun shinkafa, ko a kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli da tumatir. Faten tsaki ma yana ɗaukar alayyahu da yakuwa.

A zuba wa yaro kaɗan, a ci tare da shi yana gani, kuma a sa shi tsinkar ganye kafin girki. Idan ya ƙi, kada a yi masa ɗure ko alkawarin alewa. A sake kawo masa bayan kwana biyu, domin wani yaron sai ya ɗanɗana abu wajen sau 10 kafin ya karɓe shi.