Yadda Ake Renon Cuku Mai Tauri a Gida Har Ya Nuna

Duk wanda ya tashi a Damagaram ya san cukun gargajiya, wanda ake kawowa daga rugage da arewacin Tanut, falle-falle da shatin tabarma a jikinsa, a ci da shayi ko a daka shi cikin fura. Wannan cuku rana da iska ne suke gama shi, cikin kwana biyu ko uku ya bushe. Cuku mai tauri irin na Turai kuwa akasin haka yake bukata, domin ana so ya riƙe danshinsa na cikin jiki, ya yi watanni yana nuna a wuri mai sanyi. Irin na Faransa da ake kira Kwante ba a fitar da shi kasuwa sai ya yi aƙalla wata 4, na Italiya da ake kira Farmezan kuma sai ya cika wata 12. Mai farawa da ya ɗauko dabarar cukunmu ya ɗora wa wannan, dutse zai samu a hannunsa.

Tun kafin a kai ga ajiya, akwai abubuwan da idan aka kuskure su, jira ba zai gyara ba. A dumama madara zuwa digiri 63 na tsawon minti 30 don kashe ƙwayoyin cutar da kan biyo ɗanyar madara, amma kada a tafasa ta, domin tafasasshiyar madara ba ta daskarewa da kyau. Idan ta huce sai a zuba ɗan kindirmo mai kyau, sannan a daskarar da ita da tumbin ɗan akuya mai shan nono, kamar yadda makiyaya ke yi, ko da ruwan daskarar da madara na kwalba da ake sayarwa. Ruwan tumfafiya ya dace da cukun da za a ci nan take, amma a wanda zai daɗe yakan jawo ɗaci. Lita 10 ta madarar shanu takan ba da kusan kilo 1, kuma ina ba da shawarar kada a yi ƙasa da haka, saboda ƙaramin dunƙule ɓawo ne zai cinye rabinsa.

Bayan an tsane ruwan daskararriyar madarar, an matse dunƙulen ya kwana ƙarƙashin nauyi, mataki na farko na reno shi ne gishiri. A narkar da giram 250 a cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, a tsoma cukun awa 8 zuwa 12 a wuri mai sanyi, a juya shi a tsakiyar lokacin. Daga nan a ɗora shi a kan faifai mai tsabta cikin ɗaki, a rufa masa farin ƙyalle saboda ƙuda da ƙura, ana juyawa safe da yamma har kwana 2 zuwa 4. Alamar ya isa ita ce a taɓa shi da bayan hannu a ji babu lema, launinsa kuma ya fara komawa ruwan ƙwai. A lokacin hunturu a sa ido sosai, domin iskar nan da ke tsaga leɓe da diddige haka take tsaga cuku, kuma ta tsagar ce funfuna ke shiga ciki.

Mataki na biyu shi ne wurin ajiya, kuma a nan ne wahalar garinmu take. Abin da cukun ke so shi ne sanyin digiri 10 zuwa 13 da danshin iska na kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari, alhali a watan Afrilu da Mayu zafin Zinder yakan wuce digiri 40. Firigo na gida yakan tsaya wajen digiri 4, wanda ba zai lalata cuku ba, sai dai ya rage masa saurin nuna ƙwarai, ga shi kuma yana busar da abu. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce a rage ƙarfin firigon, a sa cukun cikin roba mai murfi wadda ta ninka shi girma sau biyu ko uku, a shimfiɗa ƴan sanduna masu tsabta a ƙarƙashinsa don kada ya zauna cikin ruwa, a ajiye a aljihun ganye na ƙasan firigon tare da ma'aunin zafi. Idan aka ga ɗigon ruwa ya taru a murfin, danshi ya yi yawa, sai a goge a ɗan sassauta murfin. Idan ɓawon ya fara tsagewa, sai a sa ƙaramin ƙyalle mai lema a kusurwar robar. Saboda ɗaukewar wuta, a riƙa ajiye gorunan ruwa masu ƙanƙara a ciki, kuma kada a yi ta buɗe ƙofa.

Wanda ba shi da firigo zai iya gwada tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, dabarar da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa. Tana taimakawa a lokacin ɗari, amma ba za ta iya da zafin bazara ba. Shi ya sa a ganina watan Nuwamba ne ya fi dacewa da mai farawa: madara ba ta riga ta yi ƙaranci ba, sanyi yana gaba, kuma wata 3 za su cika a Fabrairu kafin zafi ya kankama.

Sai mataki na uku, wanda shi ne jiran kansa, kuma jira ne mai aiki a ciki. A makonni 2 na farko a juya cukun kullum, domin danshinsa ya rarrabu daidai, kada gefe ɗaya ya yi laushi. Bayan haka sau biyu a mako ya wadatar. Funfuna fara ko shuɗiya za ta fito a ɓawon, wannan ba abin tsoro ba ne, sai a jiƙa ƙyalle da ruwan gishiri a goge, a bar wurin ya sha iska. Wanda yake so ya rage wannan aiki zai iya shafe dunƙulen da man shanu ya naɗe shi da siririn ƙyalle, ko ya lulluɓe shi da narkakken kakin zuma, amma sai ɓawon ya bushe sarai.

Cukuna na farko na yanka shi a kwana na 12, domin na ƙagu in ga cikinsa. Na same shi fari fat, yana jayayya a haƙori kamar roba, babu ɗanɗano sai gishiri da ɗan tsami. Gwaggona, wadda ta yi shekaru tana sana'ar nono, ta ɗanɗana ta ce: "Ɗana, wannan ai madara ce har yanzu, ka hana ta zama abin da za ta zama." Gaskiya ta faɗa. A makonnin farko ƙwayoyin kindirmon suna cinye sukarin madarar ne suna mai da shi tsami. Sai daga baya ne sinadaran da suka rage a ciki suke farfasa furotin da kitse sannu a hankali, daga nan ƙamshi da laushi suke samuwa. Wani lokaci ma a wata na biyu akan ji ɗan ɗaci wanda kan ragu idan aka ƙara lokaci. Ba a iya hanzarta wannan da zafi, domin ɗumi yakan sa mai ya tsattsafo, ya kuma ba miyagun ƙwayoyi dama.

Abin da ya rage mini ƙaguwa daga baya shi ne yin dunƙule biyu a mako guda, da littafin da nake rubuta ranar yi da nauyi da abin da na gani kowane mako. Na farko a yanka shi bayan kwana 60, na biyu a bar shi ya kai wata 3 ko 4, sai harshe ya koya wa mutum bambancin. Idan aka yanka kuma aka ga bai yi ba, a shafe fuskar yankan da kaki ko man shanu a mayar.

Akwai kuma inda haƙuri ba shi da amfani. Dunƙulen da ya kumbura kamar burodi a kwanakin farko, cikinsa cike da ƙananan ramuka kamar soso, ƙazanta ce ta shiga madarar. Haka wanda yake warin ruɓa, ko yake yauƙi, ko baƙar funfuna ta ratsa har cikinsa. Irin wannan a zubar da shi, kada a ba yara ko mai juna biyu ko da ɗanɗano, sannan a wanke roba da faifai da ƙyallaye da tafasasshen ruwa kafin a auno wata madarar.