Yadda ake zaɓar ƙaramar bindiga da shirya ta don ɗauka a ɓoye a Amurka

Shekara shida ke nan ina raka 'yan'uwanmu filin koyon harbi a nan Houston ta jihar Teksas, yawancinsu direbobin haya ne da masu shagon da ba a rufewa sai tsakar dare. Kusan kowa da tambaya ɗaya yake zuwa: "Malam, wace bindiga zan saya?" Har yau ba wanda ya fara tambaya ta kube. Alhali a wurin kuben ne na fi ganin mutane suna jefa kansu cikin haɗari, har da ni kaina.

Maganar nan ta mazauna Amurka ce. A gida, Najeriya ko Nijar, farar hula ya riƙe fistol ba lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Fara da takardunka

Ɗan ƙasa da mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, suna iya saya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye, kuma kuskure a nan yana iya kai shi kurkuku, daga can a tasa ƙeyarsa gida. Kada ka sa wani ya saya maka da sunansa, ku duka biyun za ku shiga uku. Shago mai lasisi ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba fistol. Za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka a rumbun FBI.

A Teksas, tun ranar 1 ga Satumba 2021 ake iya ɗaukar fistol ba tare da lasisi ba. Duk da haka ka nemi lasisin. Kuɗin gwamnati dala 40 ne, ajin awa huɗu zuwa shida, gwajin kuma harsashi 50 daga yadi 3 da 7 da 15. A ajin nan ne za ka san wuraren da aka hana shiga da makami, da ma'anar allunan 30.06 da 30.07 da ake liƙawa a ƙofa, da lokacin da doka ta yarda ka zaro bindiga. Wannan na ƙarshen ya fi ƙanƙanta nesa da yadda mutane ke zato. In kana New York ko Kalifoniya, lasisi dole ne, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya sassauta sharaɗin samun lasisin.

Zaɓen bindigar

Sabon shiga yakan nuna mafi ƙanƙanta a cikin gilashi, wai ta fi ɓoyuwa. Gaskiya ne tana ɓoyuwa. Amma bindiga mara nauyi ta fi naushi a hannu, wadda ke naushinka kuwa ba za ka so gwaji da ita ba, sai ta kwana a durowa.

Ka sayi mai cin harsashin milimita 9, kada ka saurari masu musu. Yana da araha, ko'ina kuma akwai shi. Glock 19 tana cin 15, ta fi daɗin harbi, sai dai tana da kauri. SIG P365, wadda ta fito a 2018, tana cin 10 a ɗan ƙaramin jiki. Akwai Glock 43X, akwai Shield Plus, akwai Hellcat. Ni 43X ko P365XL nake nuna wa mutum, domin ƙaramin yatsa yana samun wurin zama a ƙota. In ƙaramin yatsanka yana lilo a iska, ba taka ba ce. Ka kuma sani tsawon ƙota ne ke tona asiri a ƙarƙashin riga, bututun yana cikin wando ba mai ganin sa.

Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka hayi uku, ka harba kwalin harsashi ɗaya da kowace, sannan ka fitar da dala ɗari biyar ɗinka ko fiye.

Kube da bel

Ka ware aƙalla dala 150 domin waɗannan biyun tun kafin ka shiga shago. In kuɗin bai isa ba, gara ka rage a bindiga.

Kubena na farko na yadi ne mai laushi, dala 15, irin wanda aka rubuta wa wai yana shiga kowace bindiga. Wata Juma'a na dawo gida, ina sanye da kaftani da wando mai tazuge. Na ɗaga riga da hannun hagu, na soma tura bindigar cikin kube ban duba ba, da harsashi a ciki. Sai na ji ta cije, ba ta shiga kamar kullum. Allah ya sa ban danna ba. Da na sunkuya na duba, bakin kuben ya lanƙwashe ciki, ƙullin tazugen kuma ya shige cikin zoben da ke kare kunama, yana kwance daidai a gabanta. Bindigata Glock ce, ba ta da makullin da ake murɗawa da babban yatsa, kunamarta kuma nauyin kilo biyu da rabi ya ishe ta. Bakin bindigar yana kallon cinyata, inda babbar jijiyar jini take. Na janye ta a hankali, na zauna a bakin gado hannuna yana rawa, 'ya'yana suna falo suna kallon talabijin.

Tun daga ranar ba na yarda da kuben da bai cika sharaɗi huɗu ba. Ya zama mai tauri, na robar Kydex, wanda aka zuba domin samfurin bindigarka ita kaɗai. Ya rufe kunama ruf ta gefe biyu, yadda ko fensir ba zai shiga ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe bayan ka zare bindiga. Sannan ka ji ƙas in ta shige. Ka gwada da bindiga wadda ba harsashi: kife kuben a kan katifa ka girgiza, in ta faɗo ka ƙara ɗaure sukurun kuben.

Kube mai kyau a kan bel ɗin kwalliya ɓarnar kuɗi ce, bindigar za ta riƙa rinjaya waje. Ka nemi bel mai tauri wanda aka yi domin wannan aiki. Wando mai tazuge kuwa ba ya ɗaukar bindiga, ko kusa. Ni duk wandunan kaftanina na kai wa tela ya sa musu madaukin bel, ya cire igiyar gaba ɗaya, ya ƙara inci biyu a ƙugu.

Kayanmu suna ɓoye bindiga fiye da kowace rigar Bature, wannan alheri ne. Matsalar tana wurin isa gare ta. Kaftani mai kaiwa gwiwa sai ka damƙo shi da hagu ka ja har ƙirji, in ka ja rabi ƙota za ta sarƙe. Gajeruwar jamfa ta fi sauƙi. Babbar riga ba na ɗaukar bindiga da ita sam, yadin ya yi yawa. Kada kuma ka jefa ta tsirara a aljihun gefe tare da makulli da carbi.

Mayar da ita kube shi ne lokacin da ya fi kowane haɗari, kuma ba wanda ke korar ka. Yatsa a miƙe a jikin bindiga, riga a ɗage, ido a kan bakin kube, ka ɗan turo ƙugu gaba domin bakin bindiga ya kauce wa jikinka. In ka ji ta cije, ka tsaya. Da safe ma ni cire kuben nake yi, in sa bindigar a ciki, sannan in maƙala su tare.

Inda za ka ɗaura ta kuma aikinka ne zai faɗa. Direba ya fi isa gare ta in tana gaba, gefen cibiya, saboda kujera da bel ɗin mota. Mai tsayuwa a shago bayan ƙashin ƙugu ya fi masa daɗi. Ka yi mako guda a cikin gida da ita ba harsashi: ka zauna, ka ɗaura takalmi, ka yi ruku'u da sujada, ka ga inda take tokare ka da inda take bayyana. In masallacinku ya hana shiga da makami, ka bi. A banɗaki kada ka cire ta ka ajiye a kan tanki, can ake manta su.

Sauran shiri

Harsashi iri biyu ne: mai araha na gwaji, da mai rami a baki na ɗauka, kamar Federal HST ko Speer Gold Dot. Ka harba 200 na gwaji, sannan cikin magazin (gidan harsashi) biyu na wanda za ka riƙa ɗauka. In ta sarƙe ko sau ɗaya, ka gano dalili kafin ka ɗaura ta. Kada ka yi wa kunama gyara wai don ta yi laushi. Saitin jan ɗigo, ɗan gilashin auna harbi da ake ɗora wa bindiga, ka bar shi sai ka yi shekara, kuɗin ka sayi harsashin gwaji. Kowane mako ka yi atisayen zarewa na minti goma, harsashi yana wani ɗaki daban, ka duba ramin bindiga sau biyu, ka fuskanci bangon da ba kowa a bayansa.

A gida sai akwatin ƙarfe mai lamba, saman kabad ba maɓoya ba ce ga yaro. A mota ma ka sa ƙarami mai igiyar ƙarfe, domin kotu da makaranta da ofisoshin tarayya ba a shiga da ita. In ɗan sanda ya tsayar da kai, ka kunna fitilar cikin mota, hannu biyu a kan sitiyari, ka gaya masa kana ɗauke da bindiga da inda take, ka jira ya ce ka ɗauko lasisi.