Kurakuran da ake ta yi kan lokacin rubuta JAMB

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya duk shekara, da an buɗe sayar da fom ɗin JAMB wajen watan Janairu sai iyaye su rikice, kowa so yake ɗansa ya riga na maƙwabci shiga jami'a.

Wanda ya fi ci min rai shi ne a ɗauki yaro ɗan SS2 a ce ya je ya rubuta. Jama'a, sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne fa, ba kamar WAEC ko NECO ba da za ka jefa a akwati ka ɗauko bayan shekara goma yana nan daram. Haka aka yi da ƙanena, wai yaro na da ƙwaƙwalwa kada a ɓata masa lokaci, ni na biya kuɗin fom da na lesin har da na mota don santarsa a wani gari ta faɗo, ya ciyo maki mai kyau gida ya ɗauki murna, da aka zo maganar admishan aka ce ina kiredit biyar har da Turanci da Lissafi da za a ɗora a CAPS, shafin JAMB na ba da admishan? Babu. Ko WAEC ɗin bai zauna ba. Makin ya tafi a banza, da ya sake rubutawa a SS3 bai kai na farko ba, sai da aka yi ta lallashinsa kafin ya koma kan littafi. Masu cewa ai gwaji ne don ya saba, haba, ina amfanin mok, wato jarrabawar gwajin da JAMB da kanta take shiryawa kafin jarrabawa? Ga tsofaffin tambayoyi nan birjik a kasuwa. Sannan ga maganar shekarun shiga jami'a, a 2024 ministan ilimi Tahir Mamman ya ce sai 18, Tunji Alausa da ya gaje shi ya zo ya mayar 16, to yaro ɗan 14 me kake yi wa gaggawa?

Na biyu kishiyar wannan ne, kuma mu nan Arewa mun fi yinsa. "Bari sakamakon WAEC ya fito tukuna mu gani." To WAEC sai wajen Agusta take fitowa, JAMB kuwa tun Afrilu ko Mayu an gama ta, kenan da hannunka ka zaunar da yaro shekara guda cur. Kuma kun san zaman gidan nan, namiji ya fara bin kasuwa ya ɗanɗana kuɗi shikenan karatu ya fita a ransa, mace kuma a fara zancen ai gara a yi mata aure. Alhali an yarda yaro ya cike fom a matsayin mai jiran sakamako, in ya fito a je santa a ɗora. Ni dai tsarina, daga dogon hutun ƙarshen SS2 yaro zai fara karatun JAMB, ya rubuta yana SS3 lokacin Fiziks da Kemistiri suna nan ɗanye a kansa. Wasu malamai na cewa nauyi ya yi yawa, JAMB ga WAEC ga NECO a jere, ni ban yarda ba, ai kusan karatu ɗaya ne.

Sauran ƙanana ne amma suna kayar da mutum. NIN, lambar shaidar ɗan ƙasa, tun 2021 ba a rajista sai da shi, a yi shi da wuri kuma a duba sunan da ranar haihuwa su yi daidai da na makaranta. Kada a karɓi lambar furofayil, wadda ake fara rajistar JAMB da ita, da layin wayar mai kafen intanet ko na wani aboki, layin gida da ba zai ɓata ba za a sa. Mai son likitanci a ABU ko BUK ya san Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji ne haɗinsa, kada ya bari wani ya zaɓa masa.

Sai kwamfuta. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, ka ga yaro ya riƙe linzami hannu na rawa yana neman inda zai danna, minti goma sun wuce bai amsa ko ɗaya ba. Ku kai shi ya riƙa taɓawa ko sau ɗaya a sati tun kafin a buɗe fom.