Yadda Za Ka Bi Sawun Abin da Ba Ya Magana

Da can idan aka ce "al'umma", mutane kawai nake hangowa. Sai da na ci karo da tunanin Bruno Latour, masanin Faransa da ya rasu a 2022, wanda shi da Michel Callon da John Law suka assasa wani nazari da ake kira Actor-Network Theory a shekarun 1980. A ganinsu, ƙofa da takarda da makulli su ma suna cikin masu riƙe da zaman tare. Ga yadda nake gwada abin da kaina.

Ka zaɓi abu guda, ƙarami. Ni na ɗauki makullin ɗakin da muke aiki, mu biyar, makulli ɗaya tal. Sai ka bi shi da biro da takarda har mako guda: wa ya taɓa shi, wa ya jira shi, wa ya yi fushi saboda shi. Kafin kwana uku na gano cewa ƙaraminmu, wanda ke kwana da makullin a aljihu, shi ke yanke lokacin fara aiki, ba shugabanmu ba.

Daga nan sai tambayar da ta fi ko wacce daɗi: in aka cire wannan abu, wa zai yi aikinsa? Latour ya ba da misalin makullin otal da ake rataya wa ƙarfe mai nauyi. An roƙi baƙi su riƙa barin makulli kafin su fita, an rubuta sanarwa, a banza. Da ƙarfen ya dami aljihunsu, da kansu suke ajiyewa. Nauyi ya yi abin da lallashi ya kasa.

Ka kuma yi haƙuri har abin ya lalace, don a ranar ne asirinsa ke tonuwa. Ran da namu ya karye a cikin kwaɗo, sai ga mai gyara, ga mai gadi, ga wata takardar izini da ban taɓa sanin da ita ba. Ashe duk suna rataye a jikinsa.

Abin da zan hana ka shi ne saurin cewa "ai tsari ne" ko "halin mutane ne". Wannan rufe bincike ne tun ba a fara ba. Ka rubuta wa ya tura wa, me ya tare me. Ba cewa nake makulli yana da niyya ba. Cewa nake ya sa mutum huɗu tsayuwa a bakin ƙofa har ƙarfe tara.